Shawarwarin masu ɗaukar hoton tsuntsaye a tabkunan Damagaram

Da aka tattauna kan inda za a fara, yawanci suka ce tabkin Gidimuni, gabas da Zinder, wasu kuma tabkin Lasuri. Kowa ya yarda a yi sammako. Da hantsi ya dubi ludayi hasken ya yi ƙarfi, balbela takan fito fari fat a hoto, ba a ganin gashinta.

Lokacin hunturu aka fi samun baƙin tsuntsaye daga Turai, amma ƙura na cin kyamara. A rufe ta cikin jaka, kada a canza gilashi a fili. Mai neman shamuwa kuwa ya jira farkon damina.

Kan kirinjijiya aka daɗe ana musu. Wasu na son bin ta, ni dai ina tare da masu cewa a zauna bayan kacala da tufafi marasa haske, rana a bayanka, ita za ta matso.

Mai waya kaɗai ya nemi mazari. Da sanyin safiya ba ya saurin tashi, kuma yakan komo kan karan da ya bari. A gaida masunta da masu lambu kafin a ratsa gonarsu. A guji shiga ruwan saboda tsargiya.