Wa ya taɓa sayar da fili ba tare da dillali ba?

Baban Hanif: Assalamu alaikum jama'a. Ina da fuloti a bayan Janguza, ƙafa 50 da 75, awon igiya ne, wato ba gwamnati ce ta yanka shi ba. Buƙata ta taso, maƙwabcin filin ya taya, har mun kusa daidaitawa a kan naira miliyan 4. Tunda ni da shi muka haɗu ba wanda ya haɗa mu, ban ga dalilin fitar da la'adar kashi 5 cikin 100 ba, dubu 200 ke nan fa. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa min abin da ya kashe da takardun da aka nema.

Malam Na Ɗorayi: Wa alaikumus salam. Na yi bara, nawa ma awon igiya ne a wajen Rimin Kebe. Abin da na fara yi shi ne tattara takardun cinikin baya kaf, tun daga mai gonar da aka yanka har zuwa kaina, hannu uku. Mai sayen ya ce sai ya ga kowacce, kuma da gaskiyarsa. Muka je wurin mai unguwa, ya kira dattawa biyu da suka san iyakar, aka rubuta takardar ciniki, kowa ya kawo shaidu biyu, aka manna hotunanmu, dagaci ya buga hatimi. Goron da na ba masu unguwa da kuɗin buga takarda duka bai kai rabin la'ada ba. Shawarata kada ka miƙa asalin takardu sai kuɗi ya zauna a asusunka ka gani da idonka. Saƙon waya kaɗai bai isa ba.

Maman Ummi: Baban Hanif, Allah ya sa albarka. Ni tawa ta zo da wahala, don filin gado ne. Bayan rasuwar mahaifinmu aka bar min fuloti ɗaya a rabona, amma da baki kawai aka yi rabon a tsakar gida. Na samu mai saye ta hannun mijin ƙawata, ya ba da kafin alƙalami, ni kuma na taɓa kuɗin na biya wa yara makaranta. Sai ga wani yayanmu da ke Legas ya kira ya ce shi bai san da wannan rabo ba. Ciniki ya tsaya wata biyar. Sai da muka je kotun shari'a aka tabbatar da rabon, aka ba ni takarda da sunana, sannan mutumin ya cika kuɗi. A tsakanin nan kullum sai ya aiko a tambaye ni, ni ko barci ba na iya yi don ban da abin mayar masa. Duk mai filin gado ya fara da takardar kotu, kuma kada ya ci kafin alƙalami sai an gama.

Ɗan Rigasa: Naku duka na gargajiya ne. Nawa a Kaduna yake, mai takardar shaidar mallaka ta gwamnati, wato C of O, hanyarsa daban. A Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, don haka sashe na 22 ya ce mai irin wannan takarda ba zai mayar da haƙƙinsa ga wani ba sai da amincewar gwamna. Mai sayen ya fara biyan kuɗin bincike a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, ya tabbatar fayil ɗin da sunana yake kuma ba a jinginar da shi a banki ba. A nan aka tuna min da kuɗin ƙasa, wanda ake biyan gwamnati duk shekara, na shekaru da ban biya ba, dole na biya daga aljihuna kafin a ci gaba. Lauya ya rubuta takardar mayar da mallaka, sai kuɗin neman amincewa, harajin hatimi da na rajista, waɗanda ake lissafawa gwargwadon ƙimar filin. Kuskurenmu shi ne ba mu rubuta tun farko wa zai biya me ba. Shi yana ganin ni ne, ni ina ganin shi ne, har muka fara ɗaga wa juna murya a gaban lauya. Ƙarshe muka raba. A Kano KANGIS ke wannan aikin.

Baban Hanif: Na gode ƙwarai. Maman Ummi, nawa saye na yi, ba gado ba ne. To lauya dole ne ga awon igiya?

Malam Na Ɗorayi: Ni ban ɗauka ba. Amma da yau ne zan ɗauka, ko don ya rubuta iyakoki huɗu da sunan maƙwabta da ranar cika kuɗi yadda ba gardama.

Kawu Mai Shinkafa: Ɗana, bari in ƙara maka ɗaya, safiyo, wato mai awon fili. Na sayar da fili a wajen Zariya da kaina, na nuna wa mutum iyaka da ƙafata, daga wannan dutse zuwa waccan bishiyar darbejiya, kamar yadda aka nuna min. Da ya zo haƙa harsashi maƙwabci ya tare shi, aka auna, ashe ƙafa 8 ta shige cikin hanyar da aka bari. Dillalin unguwa ya san da wannan, duk wanda ya daɗe a wurin ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba. Na mayar wa mutumin kuɗin abin da ya ragu, na haɗa da haƙuri. Kuɗin awo da dasa siminti a kusurwa huɗu bai kai kusa da abin da na mayar ba.

Baban Hanif: Allah ya saka da alheri, Kawu. Na duba jakata, takardu biyu na samu, ta mai gonar farko babu. Wanda ya sayar min ya ce tana wurin ƙaninsa a Bichi. Ranar Asabar zan je in karɓo, in Allah ya yarda, sannan in kira safiyo kafin mu zauna da mai unguwa.