An tura ni makarantar ƙauye, ban taɓa tuƙa mashin ba: wanne zan saya, ta ina zan fara?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ina zaune a Haɗeja, an yi mini canjin wurin aiki zuwa wata makaranta mai nisan kamar kilomita 14 daga gida. Rabin hanyar kwalta ce, sauran birji da yashi. Kuɗin motar da nake kashewa kullum ya fara cinye albashin, shi ya sa na shiga adashi, ƙarshen wata zan ɗauka in sha Allahu. Matsalar ita ce shekarata 34, keke kawai na iya. Ko kunna mashin ban taɓa yi ba. Wanne zan saya, kuma yaya ake koyo ba tare da mutum ya karye ba? Ina da mata da yara 3, ba na son ganganci.

Abban Sadiq: Wa alaikumus salam Malam. Tunda ka iya keke ai ka ci rabin aikin, daidaita jiki a kan taya biyu shi ne mai wuyar. Ni roba-roba zan ce ka saya. Ba ta da kulocin hannu, ka saki totur ka taka giya, shi ke nan. Ba ta da nauyi, ba ta shan mai, ƙafarka kuma tana kaiwa ƙasa sosai. Da ita na koya, kwana biyu na fara zuwa kasuwa.

Ɗan Gumel: Abban Sadiq, ka karanta inda ya ce yashi kuwa? Roba-roba ta gari ce. Cikinta a ƙasa yake, tayoyinta sirara, in ta shiga rairayin Jigawa da rani sai dai a sauka a tura. Boxer ta Bajaj zai saya, mai inji 100. Duba abin da 'yan acaɓar ƙauye ke hawa, su da ke kwana a kan hanyar, sannan kowane bakanike a bakin tasha ya san cikinta, kayan gyaranta kuma har a kasuwar ƙauye ana samu.

Abban Sadiq: Gaskiya ne maganar yashi, na yarda. Amma kuloci fa? Mutumin bai taɓa kunna mashin ba.

Baba Bakanike: Salamu alaikum. Ku ba ni wuri in yi magana, don aikina ne tun ina yaro.

Malam, kada kuloci ya ba ka tsoro. Abin da ke sa mutane wahala shi ne mai koya musu yana gaggawa. Ka sami fili, irin filin idi ko filin ƙwallon makaranta ranar da babu yara, mai ƙasa a daddaɓe. Ranar farko ba na son ka yi tuƙi ma. Kafin ka kunna, ka riƙe kan mashin ka tura shi da ƙafa gaba da baya, ka ɗora shi a jak ka sauke, ka ji nauyinsa a jikinka. Ka zauna ka rufe ido ka nuna mini: hannun hagu kuloci, hannun dama totur da birkin gaba, ƙafar hagu giya, ƙafar dama birkin baya. Sai hannunka ya san wurarensu ba tare da ka duba ba.

Bayan nan sai ka kunna a firi, wato ba a cikin giya ba. Ka matse kuloci har ƙarshe, ka sa giya ta ɗaya, ƙafafunka biyu a ƙasa. Ka fara sakin kulocin a hankali, kamar mai tsiyayar man ja a kwalba. Akwai wani wuri da za ka ji ƙarar injin ta ɗan sauka, mashin ɗin ya fara jan ka. To nan ne wurin. Da ka ji shi, sake matsewa. Ka saki zuwa nan, ka matse. Ka yi ta yi har sai ka gaji. Mashin zai mutu a hannunka sau da yawa, ba komai, kowa haka ya yi. Wanda ya san wannan wurin ya iya tashi, ya iya tafiyar sannu cikin cunkoso, ya iya hawa tudu. Abin da ke jefa sabon shiga cikin bango shi ne ya murɗa totur da yawa ya kuma saki kuloci gaba ɗaya, mashin ya zabura, tsoro ya sa ya ƙara ƙanƙame totur ɗin. Ka haddace wannan: duk lokacin da abu ya rikice maka, matse kuloci. Da ka matse, ƙarfin injin ya rabu da taya, ko da injin yana ihu.

Sannan ka tambayi mai mashin ɗin tsarin giyarsa kafin ka hau. Wani duk ƙasa ake takawa, wani ta ɗaya ƙasa sauran sama. Ba iri ɗaya ba ne.

Malamin Firamare: Allah ya saka da alheri Baba. Na kwafe wannan a littafi. Amma wani abokin aikina ya ce kada in kuskura in taɓa birkin gaba, wai shi ke kayar da mutum. Har ya ce wasu kwance shi suke yi.

Baba Bakanike: Wannan maganar ta kai mutane da yawa asibiti, ɗana. Idan ka ja birki, nauyin mashin da naka duk gaba suke tafiya su danne tayar gaba, tayar baya kuma ta yi sakayau. Saboda haka mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake. Wanda ya dogara da na baya kaɗai, ranar da yaro ya gifta masa zai taka da ƙarfi, tayar baya ta kulle ta yi ta jan ƙasa, mashin bai tsaya ba. Birkin gaba yana kayarwa ne a wuri uku: in ka fizge shi lokaci ɗaya, in kan mashin a karkace yake, ko in tayar tana kan yashi ko laka. A kwalta, kai a miƙe, ka matsa shi a hankali sannan ka ƙara ƙarfi, kamar mai matse lemon tsami, tare da na baya. A filin nan da za ka koya ka ja layi a ƙasa, ka taho a giya ta biyu ka tsaya a kan layin. Ka yi wannan fiye da komai. Ni duk wanda ya kawo mini mashin na ga birkin gabansa a kwance, sai na ɗaure shi kafin ya bar garejin, ko bai biya ba.

Ɗan Gumel: Bari in ƙara a kan yashi tunda hanyarsa ce kullum. Kafin ka shiga rairayi ka rage gudu tun a wuri mai ƙarfi, ka koma giya ta biyu. Da ka shiga, kada ka saki totur, kada ka ƙara da yawa, ka riƙe shi daidai. Ka ɗan ja zamanka baya, ka sassauta hannu. Kan zai yi ta rawa, bar shi ya yi, in ka yi kokawa da shi ne yake kayar da kai. Idonka can gaba inda kake son zuwa. Abin da ka zuba wa ido shi za ka hau, ko rami ne ko kututture. Na gwada wannan da jikina a hanyar gona: na ga kututturen dabino, na kafe shi da ido ina cewa kada in buge shi, shi na je na buga. Wata guda ina ɗingishi.

Maman Hanifa: Malam, ni ba mai tuƙi ba ce, amma ina roƙonka ka ji wannan saboda iyalinka. Bara ƙanwata tana bayan mijinta, hijabinta dogo har ƙasa, bakinsa ya shiga tsakanin sarƙa da tayar baya. Cikin ƙiftawar ido ya naɗe, ya fizgo ta ta wuya ta faɗo a kwalta. Allah ya sa suna tafiya a hankali. Har yau akwai tabo a wuyanta, kuma da ta goya jariri a ranar ban san abin da za mu ce ba. Duk ranar da za ka ɗauki matarka, ka tsaya ka ga ta tattare hijabi da zane ta danne a cinyarta kafin ka tashi. Kai ma babbar riga da jallabiya ka naɗe su. Sai kuma salansa, yara suna sauka ta ɓangarenta ta ƙona musu ƙafa. A koya musu sauka ta hagu.

Malamin Firamare: Subhanallahi. Allah ya ƙara mata lafiya, Hajiya. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Nas Mai Dare: Ni a sashen haɗurra nake aiki. Karayar ƙafa muna ɗaurawa, hannu muna ɗinkewa, kai kuwa in ya bugu sau da yawa sai dai addu'a. Ka sa kuɗin hular kwano cikin kuɗin mashin tun yanzu, kada ka ce sai wata mai zuwa. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta a watan Janairun 2009, mutane sun ɗauke ta a matsayin dokar da za a kauce wa, har aka ga masu kifa ƙwarya a ka, wasu kuma suka sayi hular leburorin gini wadda ba don wannan aka yi ta ba. Ka nemi ta mashin ta gaske, mai kauri a ciki, wadda ta kama kanka ba ta juyawa, in da hali mai rufe haɓa. Kuma ka ɗaure igiyar. Hular da ba a ɗaure ba tana tashi kafin kai ya kai ƙasa, na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Silifa kuma ka bar ta a gida, takalmi sau ciki za ka sa ko a filin koyo ne.

Issoufou Damagaram: Sannunku 'yan uwa. Mu nan Damagaram moto muke cewa, 'yan haya kuma kabu-kabu. Mata ma'aikata da 'yan makaranta da yawa suna tuƙa ƙanana, don haka Malam kada shekaru su dame ka. Shawarata ɗaya: kada wanda zai koya maka ya zama yaro mai son nuna gwaninta. Nemi dattijo mai haƙuri. Kuma kada ya hau bayanka yana riƙe maka kai, ya tsaya a ƙasa yana kallo yana gyara maka. Lokacin hazo kuma ka kunna fitila ko da rana ne, don manyan motoci su gan ka.

Abban Sadiq: Sabo ko na hannu? Ba mu taɓo wannan ba.

Baba Bakanike: In adashin ya kai, sabo. In na hannu ne, ka je da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba. A taɓa injin a ji da sanyi kafin a kunna, don wasu suna ɗumama shi kafin ka iso. A duba lambar inji da ta jikin mashin su yi daidai da abin da ke rasit, a rubuta takardar ciniki da shaidu. Mashin ɗin sata ba ya barin mai saye ya yi barci. In aka nuna maka tsohuwar Jincheng irin mai hayaƙi, ka sani injinta daban ne, tana da tankin wani mai na musamman da take ƙonawa tare da fetur, in ya ƙare ba ka lura ba injin ya buga. Mai koyo bai buƙatar wannan ɗawainiya.

Sabo kuma a lallaɓa shi. Kada ka ba shi wuta sosai a farko, ka juye baƙin mai na farko da wuri, wajen kilomita 500, ka bi abin da ɗan littafin da ke zuwa da shi ya ce. Kowace safiya kafin ka fita: taɓa tayoyi, gwada birki biyu, duba sarƙa. Kada ta yi tauri, kada ta yi lako-lako, motsinta sama da ƙasa ya zama kamar faɗin yatsa biyu. Hanyar ƙura tana cin sarƙa, ka riƙa wanke ta kana sa mata mai.

Yaya Lauya: Takardu kuma. Lasisin tuƙin mashin rukunin A ne, daga shekara 18. Ka yi rajista ka sa lamba, ka riƙa yawo da kwafin takardun. Kuma kowace jiha da dokarta a kan goyo. A Kano tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni. Kafin ka tsallaka wata jiha da mashin, ka tambayi mutanen wurin.

Ɗan Gumel: Ko doka ta yarda, kada ka yi goyo sai ka yi wata ɗaya ko biyu kai kaɗai. Nauyin mutum a baya yana canza birki da kwana gaba ɗaya. Na san 'yan makarantarku za su roƙe ka a hanya, ka ba su haƙuri. Kuma kada ka jera da tirela ko tifa, musamman a kwana. In ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba.

Malamin Firamare: Jama'a na dawo da labari. Na ɗauki adashin, na sayi Boxer da hular kwano rana ɗaya, Nas. Wani dattijo maƙwabcina da ya yi acaɓa shekaru da yawa shi ke kai ni filin idi bayan la'asar. Yau kwana 6. Ranar farko mashin ya mutu mini fiye da yadda zan ƙirga, amma na gane wurin nan da Baba ya ce, yanzu ina jin sa a yatsuna. Jiya na tsaya a kan layi da birki biyu sau goma a jere. Na faɗi sau ɗaya, a kwana, ina tafiya a hankali na ja birkin gaba kai a karkace, daidai abin da aka gargaɗe ni. Gwiwar wando ta yage, madubin dama ya fashe, ni lafiya lau. Dattijon ya ce ranar Asabar da sassafe za mu bi hanyar makarantar, shi a gaba a nasa, ni a baya, don in ga inda yashin yake kafin ranar Litinin.

Baba Bakanike: Madalla. Ka canza madubin kafin Asabar ɗin, kada ka hau titi da guda ɗaya. Kuma ka sa mai faci ya auna maka iskar tayoyin, sababbi sau da yawa ana cika musu iska fiye da kima wajen haɗawa.