Tsuntsu a labarin ɗan riƙo: yaya za a yi ya ɗauki fata?

Alƙalamin_Dare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Littafi ne a kan yarinyar da aka ɗauka riƙo tun tana jaririya, sai da ta kai shekara 12 ta ji gaskiya. Ana so tsuntsu ya zama alamar fatanta. Wane tsuntsu ya dace, kuma sau nawa zai fito?

Malam Mai Nazari:
Wa alaikumus salam. Da farko ki guji keji. Marubuci ya sa kanari a keji, babin ƙarshe a buɗe ya tashi. Mai karatu zai fassara gidan riƙo da kurkuku, uwar riƙon kuma ta zama mai gadi, ko da an shafe shafi 200 ana nuna ƙaunarta. Idan ba haka kike nufi ba, kejin ya rusa miki littafi.

Ki zaɓi tsuntsu saboda halinsa. Kirarin hankaka, mai da ɗan wani naka, ya riga ya ba ki uwar riƙo. Ga kuma karin maganar nan, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Tambayar littafinki ke nan: wane gidan? Da yawa daga tsuntsaye masu waƙa ba a haifarsu da waƙar, koyonta suke daga babban da suka tashi suna ji. An gwada sa ƙwan wasu a sheƙar wani jinsi, 'ya'yan suka tashi da waƙar wanda ya rene su.

Uwar_Tsuntsaye:
Malam, hankaka na da matsala, launinsa da kukansa ba sa jawo fata a zuciyar mai karatu. Ƙwan agwagwa a ƙarƙashin kaza ya fi. Amma a kula da lissafi: na kaza kwana 21 yake ƙyanƙyashewa, na agwagwa wajen 28. Idan an haɗa su rana ɗaya, kazar za ta tashi da 'yan tsakinta ta bar sauran su huce. Idan na agwagwa kaɗai aka sa mata, sai ta ƙara mako guda tana kwanci; wannan makon na jira babi ne guda. Daga baya 'ya'yan su faɗa ruwa, kazar na kai da kawo a baki tana kira, da yamma su dawo ƙarƙashin fiffikenta. Konrad Lorenz, masanin halayyar dabbobi wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, ya nuna 'ya'yan dinya suna bin abin da suka fara gani yana motsi, har shi kansa suka bi.

Ɗan Bita:
Kan yawan fitowa, huɗu ko biyar sun isa a littafi mai babi 25. Na farko ya wuce kamar ba komai, kafin yarinyar ta san asalinta. Kowace fitowa a sami abin da ya sauya: ƙwai, fashewar ɗaya, ruwa, dawowa. Lallai wani ƙwan ya lalace, don fatan da bai taɓa fuskantar asara ba mai karatu ba ya yarda da shi. Kada kuma wata jaruma ta buɗe baki ta ce "ke ce wannan agwagwar". Da an faɗa, alamar ta mutu.

Alƙalamin_Dare:
Na gode. To ranar da za ta haɗu da mahaifiyarta fa, tsuntsun ya fito?

Ɗan Bita:
A'a, malama. Wannan babin ya yi nauyi da kansa. Ki bari sai babin da ke biye, lokacin da take yanke shawarar gidan da za ta kwana.