Neman shawara: kwalaben wayin na bikin ƙanwata, an rubuta 0.5% a jiki

Maman Sadiq, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka mini, hankalina ya ƙi kwanciya. Bikin ƙanwata saura kwana goma, ni aka ɗora wa abin sha na teburin amarya. Jiya na sayo katan biyu na wayin ɗin nan da ake cewa ba giya a ciki, mai shagon har rantsuwa ya yi mini. Da na dawo gida na juya kwalaben, sai na ga katan ɗaya an rubuta ruwan inabi mai gas, ɗayan kuma 0.5% da ƙananan haruffa. Na buɗe guda daga mai 0.5% ɗin na shinshina, wani wari mai tsami ya bugi hancina, ba irin ƙamshin lemo ba. Wai mene ne ainihin abin da ke cikin wayin? In mayar ko in ajiye?

Baban Fadila, Kawo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kimiyya nake koyarwa a sakandare, bari in faɗi abin da na sani. Katan biyun nan ba abu ɗaya ba ne.

Giyar inabi ta ainihi, kusan kashi 85 cikin 100 ruwa ne. Barasar, wato sinadarin etanol, yawanci tana tsakanin kashi 11 zuwa 15. Ba zuba ta ake yi ba, a ciki take haihuwa: yis, ɗan uwan wanda kike sa wa fanke, shi ke cinye sukarin inabin ya fitar da barasa da iskar da ke sa kumfa. Ɗan abin da ya rage shi ke ba ta ɗanɗano. Akwai gilisarol da ke sa ta ɗan kauri. Akwai asid mai tsami, babba a ciki shi ne tatarik, wanda ke cikin tsamiyarmu ma. Akwai tanin daga ɓawo da ƙwallon inabi, shi ke kawo bauri irin na shayin da ya daɗe a wuta, kuma danginsa ne ke cikin bagaruwar majema. Jan launin ma dangin sinadarin da ke rina zoɓo ne. Sai salfait da ake sawa don kada ta lalace.

Mai 0.5% ɗin nan, galibi giya ce aka gama haɗawa sannan aka zare mata barasar, ko dai ta hanyar turara ta a na'ura, ko a tace ta. Shi ya sa warin bai tafi ba. Idan kwalbar mai mililita 750 ce, barasar da ta rage ba ta cika ƙaramin cokalin shayi ba, alhali kwalbar giya mai kashi 12 tana ɗauke da mililita 90. Ɗaya katan ɗin kuwa ruwan inabi ne aka busa wa gas, ba a taɓa barin sa ya tsima ba.

Anti Balaraba, Tudun Wada:
Ƙanwata, mayar da mai 0.5% ɗin. Shekara da shekaru ina girkin biki, kuma na ga yadda magana ɗaya ke ɓata taro. Wata gwaggon ango ta ɗaga kwalba ta karanta, shi ke nan, ba za a tuna da shinkafarki ba, sai "sun ba mu giya". Ki riƙe mai ruwan inabin, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, sauran kuɗin ki yi zoɓo da abarba da kanumfari.

Amma zoɓon ma ki kula. Na taɓa haɗa jarka biyu da sukari tun jajibiri, wuta ta ɗauke cikin zafin watan Afrilu, kashegari da yamma jarkar ta kumbura kamar za ta fashe. Ina kwance murfin ta yi tsuwwa, kumfa ya taso. Duk na zubar a kwata, ina kuka.

Baban Fadila, Kawo:
Anti, abin da na bayyana ne ya faru a jarkarki. Yis na nan a iska da jikin 'ya'yan itace, sukari da ɗumi kawai yake jira. Da kin ƙara barin sa a buɗe, wasu ƙwayoyin halitta za su juya barasar ta koma khal, wato ruwan tsamin da ake kira binega.

Abu Hanif, Rigasa:
Hajiya, Allah ya saka miki da wannan taka-tsantsan. A Sahihu Muslim, Ibn Abbas ya ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha har yammacin kwana na uku, abin da ya rage a shayar ko a zubar. Game da giyar da aka zare wa barasa, malamai sun yi saɓani, don haka ki kai kwalbar wa malamin da kika yarda da shi ya karanta da idonsa. Ni dai da bikin gidana ne, ba zan ɗora ta a gaban baƙin da ba su san asalinta ba.

Maman Sadiq, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gobe da safe zan mayar da katan ɗin, kwalba ɗaya na buɗe, zan biya kuɗinta. Anti Balaraba, zoɓon mutum 150, mudu nawa zan saya? Kuma in na dafa shi ranar Juma'a na bar sukarin sai safiyar Asabar, zai kai yamma lafiya?