Abin da na tsinta a hirar masu koyon piyano

Ranar Asabar muka zauna a Samaru, mu masu koyon piyano na gargajiyar Turai, kowa na kukan shekaru sun shuɗe ba ci gaba. Wani dattijo daga Wusasa ya ce mini: "Ɗana, koma kan kiɗan da ya gagare ka bara waccan." Da daddare na gwada. Wurin da hannun hagu ke sarƙewa ya wuce sumul, har na tsaya ina kallon yatsuna.

Wata baiwar Allah ta ce a riƙa naɗar kiɗan a waya duk wata, domin kunne na riga yatsu gogewa, sai mutum ya zaci baya yake ci. Wannan ta shige ni sosai. Sauran sun nanata kaɗawa a hankali, hannu ɗaya-ɗaya, kullum.