Sauya manyan kafasitocin tace wuta a tsohuwar amfilifaya

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Na gāji amfilifaya ƙirar Japan ta shekarun 1970 daga mahaifina, kuma kwanan nan ta fara wani ƙugi a lasifika wanda ba ya raguwa ko da na rage murya gaba ɗaya. Da na buɗe ta, sai na tarar ɗaya daga cikin manyan kafasitoci biyun ta kumbura, ga farin gari ya bushe a gindinta. An rubuta 6,800µF (ma'aunin yawan cajin da suke iya riƙewa) da 50V (iyakar ƙarfin wutar da suke iya jurewa) a jikinsu. Shin in na sa masu 15,000µF, sautin zai ƙara nauyi?

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam. Malam, wannan kumburin alama ce cewa ruwan da ke cikinta ya lalace, don haka ka sauya su duka biyun, tunda shekarunsu ɗaya. Amma ban ba ka shawarar ninka girmansu ba, domin a daidai lokacin da aka kunna na'ura kafasita takan zuƙi wuta mai yawa kafin ta cika, kuma nauyin yana faɗawa ne kan diyod (masu mayar da wutar AC zuwa DC) da fiyus da makunnin da aka ƙera don ƙaramin kaya. 8,200µF, ko 10,000µF in an matsa, ya wadatar. Inda ƙari yake da amfani shi ne volt: idan taransifomarka tana ba da 33V, bayan diyod za ta kai kusan 46V, kuma da yadda wutarmu take hawa da sauka, kafasita mai 63V ta fi kwanciyar hankali.

Tsohon Injiniya:
Na yarda da shi, sai dai ka nemi masu lambar 105°C maimakon 85°C, saboda zafi ne yake busar da su, kuma kowa ya san yadda ɗaki yake a watan Afrilu. Na yanzu sun fi na da sirantaka, ta yiwu sai ka naɗa musu roba kafin maƙalin ƙarfen ya riƙe su. Kafin ka sa hannu, ka sauke cajin tsofaffin ta hanyar rezista (abin da ke rage gudun wuta), kada ka haɗa ƙafafunsu da sukudireba. Ka kuma ɗauki hoton wayoyin, domin kafasitar da take ɓangaren negatif na wutar, ƙafarta mai alamar + ce ake haɗawa da layin ƙasa (ground), kuma wadda aka juya takan fashe.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Gobe zan auna taransifomar kafin in shiga kasuwa.