Batirin na'urar auna ruwan tanki ba ya kai asuba: yaya zan sa modem ya rage cin wuta?

Ɗan Bunkure:
Assalamu alaikum. Ni nake kula da rijiyar burtsatse mai aiki da sola a ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Bunkure. Na haɗa wata 'yar na'ura da ke auna ruwan tanki, tana turo mini saƙon tes ta modem na 2G, wato ɗan allon da ake sa wa layin waya, domin in huta da zirga-zirga a kan babur. Saƙo huɗu kacal take turowa a yini, amma batirin ba ya kai asuba, kuma abin ya fi tsananta da hunturu idan ƙura ta lulluɓe faifan sola. Ina neman shawarar masana.

Mai gyaran rediyo, Kura:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Saƙo huɗun nan ba su ne suke cinye batirinka ba, zaman da modem yake yi a farke tsakanin saƙo da saƙo shi ne yake cinye shi. Idan naka irin SIM800 ne, yana da halaye daban-daban. Yayin turawa yana fizgar wutar da takan kai amfa 2 na ɗan ƙiftawar ido, shi ya sa ake ɗaura masa babbar kafasita, wadda take ajiye wuta na ɗan lokaci, a kusa da shi. Idan ka ba shi umarnin AT+CSCLK=1, sannan ka ɗaga DTR, wato ka ba ƙafar modem mai wannan suna wuta, zai yi barci, abin da yake ja ya sauko kusan miliamfa 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfa, kuma duk da haka yana nan a kan layi, saƙo da kira suna shigo masa. Umarnin AT+CFUN=0 kuwa yana kashe ɓangaren rediyon, don haka babu abin da zai shigo. Ka lura cewa duk lokacin da aka kashe shi gaba ɗaya sai ya sake neman sabis ya yi rajista, wannan ma cin wuta ne, amma ga mai saƙo huɗu a yini kashewar ta fi riba.

'Yar Ringim:
Malam, kafin ka taɓa umarni ko ɗaya, ka duba ƙarfin sabis da umarnin AT+CSQ. Lambar tana kamawa daga 0 zuwa 31, kuma idan ta yi ƙasa sosai to turken sadarwa yana sa modem ya ɗaga ƙarfin turawarsa, wanda a zangon rediyo na megahaz 900 yakan kai wat 2. Mafi muni shi ne sabis ya riƙa ɗaukewa cikin dare, modem ya kwana yana laluben turke, barcin da ka umarce shi bai samu ba. A wace irin akwati ka ajiye shi?

Malamin kimiyya, Gumel:
Ina ƙara wani abu ga wanda zai sayi sabon modem na 4G, musamman irin LTE-M ko NB-IoT, waɗanda aka tsara don ƙananan na'urori irin taka. Akwai tsarin PSM, inda modem yake kashe rediyonsa amma rajistarsa tana nan a wajen kamfanin layi, wutar da yake ja ta koma 'yan maikroamfa, idan ya farka kuma ya ci gaba ba tare da sabuwar rajista ba. Akwai kuma eDRX, wanda yake tsawaita tazarar da ke tsakanin farkawa da farkawa don sauraron kira. Sai dai modem roƙo kawai yake yi, kamfanin layi ne yake amincewa ko ya ƙi, saboda haka a gwada da layin da ake da shi kafin a kashe kuɗi. Kuma muddin yana cikin PSM ba za a iya samunsa ba sai ya farka da kansa.

Ɗan Bunkure:
Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Hajiya, a cikin akwatin ƙarfe na kulle shi har da eriyar saboda ruwan sama, kuma da na gwada yau lambar 7 ta nuna. Gobe in Allah ya yarda zan ja eriyar zuwa saman ƙarfen tankin. Barcin zan zaɓa maimakon kashewa, domin ina so in riƙa tura masa saƙo in tambayi yawan ruwa idan mata sun yi layi da jarkoki da sassafe.